Kalmar da Na Zaro

Hutun tsakiyar shekara, watan Yuli, sanyi na cizo,
ruwa na dukan kwanon rufin Valparaíso,
aka tara mu, malamai goma sha tara,
a ɗakin karatu mai warin jiƙaƙƙen takalmi da kofi.

Shekara ashirin da shida ina koyar da tarihi
kamar mai jan carbi:
Masar, Girka, Rum,
ƙwaya bayan ƙwaya, sarki bayan sarki.
Kullum Disamba kan riske ni a bakin Yaƙin Duniya na Biyu,
in rufe littafi, yara su watse
suna zaton a nan duniya ta yada zango.

Ximena Huenchullán, mai horar da mu,
wadda a haife na kusa haifarta,
ta tuɓe hular ulu, ta zuba guntayen takardu a ciki.
"Kowa ya zaro kalma ɗaya," in ji ta,
"da ita zai ratsa duniya, ya bar kalanda ta huta."

Nibaldo ya zaro gishiri, ya kece da dariya.
Fresia ta zaro bashi, ta ce wannan tun a gida suka saba.
Wani ya sami hanya, wata annoba, wani kan iyaka.
Na warware tawa.
Yunwa.

Na ce, "Malama, tarihi tsani ne,
mai tsallake matakala ƙafarsa yake wa ganganci."
Ta ce, "Malam Eliodoro,
kai da ke zaune a gari mai tuddai arba'in da ɗoriya,
hanya nawa ke kai ka gida?"
Na gyara tabarau. Ban tanka ba.

Aka ba ni taswira, allurai, da jan zare.
Na kafa ta farko a tsibirin Chiloé,
inda kakata ke tonon dankali da yatsu masu kaushi.
Zare ya haye teku, ya sauka Ireland,
can dankali ya ruɓe a ƙasa, mutane suka cika jiragen ruwa.
Sai ya juya baya, bai nemi izinin shekaru ba,
ya tarar da matan Paris suna tattaki kan tsadar burodi,
ya zarce Bengal, inda shinkafa ta fi ƙarfin mai nomanta,
ya leƙa rumbunan Masar,
ya dawo unguwarmu,
ga babbar tukunyar gayya da uwata ke juyawa
shekarar da aka rufe masana'anta,
ni kuma a layi, riƙe da kwano, ina ɓoye fuska.
Wannan ba ya cikin manhaja.
Ban taɓa lissafa shi cikin tarihi ba.

Saura kamu ɗaya na zare,
hannuna ya rasa inda zai soka allura,
don taswira ba ta nuna ajina ba:
layi na uku, gefen taga,
inda Yerko ke kifa kai a darasin farko.
Sau nawa na rubuta "rago" a gefen sunansa?
Ko sau ɗaya ban tambaye shi ko ya karya kumallo ba.

Ximena ta tsaya a bayana, ta daɗe tana kallo.
Abin da ta ce kawai: "Zarenka ya cuɗe a Bengal."
Gaskiya ne, ya cuɗe.

Har yanzu ina da ja.
Jarrabawa za ta nemi shekaru, ba ruwanta da zare,
kuma carbina ban yar ba, yana aljihu.
Amma da yamma, ina hawan matakala zuwa gida,
ɗari da sittin da biyu, gwiwa na ƙara,
na ratse shagon Doña Uberlinda,
na sayi dankali ɗaya, mai ƙasa a jiki, don ranar komawa aji.
Ta ce, "Ɗaya tak?"
Na ce ɗaya.
Na kai bakin ƙofa, na juyo,
na ce idan an koma makaranta
ta riƙa ajiye mini burodi biyu kowace safiya.